Takarda ta ce wata uku, ni kuma mako biyar gare ni: ya zan yi da maigidana?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara shida da wata huɗu ina riƙe da lissafi da sito a wani shagon kayan gini a nan Garwa ta Kamaru: siminti, kwano, rodi, fenti. Yanzu Allah ya buɗe mini wata ƙofa a Gaundare, kamfanin jigilar kaya ne kusa da tashar jirgin ƙasa. Albashin ya kusan ninka nawa, ga kuma kula da lafiyar iyali. Sun ce in kama aiki Litinin ta farko a watan Janairu, in ban zo ba za su kira wanda ke bi mini. Yau ga mu a ƙarshen Nuwamba. Da na ɗauko kwantiragina na duba, sai na ga wa'adin ajiye aiki, pireyabi da muke cewa, wata uku ne cur. Ke nan sai ƙarshen Fabrairu.

Wani abin kuma, maigidan nan aminin marigayi mahaifina ne. Da zan yi aure shi ya cika mini sadaki, ranar sunan ɗiyata ta fari shi ya aiko da rago. Har yanzu ban faɗa masa ba. Kullum in na miƙa masa makullan sito da yamma sai in ji bakina ya yi nauyi. Ina so in tafi, ba na so in tafi da baƙin jini. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya fito?

Direban Kusuri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, karɓi albashinka na Disamba ka kama hanya. Wa ka taɓa gani an kai kotu a kan pireyabi a kasuwar Garwa? Su in za su kori mutum, wata uku suke ba shi? Da safe za a ce maka kada ka dawo gobe. Arziki ba ya jiran mai jinkiri.

Maman Biyu:
Direba, don Allah kada ka ɗora shi a wannan hanya. Ni na bi ta, na san ƙayar da ke cikinta. A wata makaranta mai zaman kanta nake koyarwa a Marwa, na samu wani wuri, na tafi ranar Juma'a ban ce wa kowa komai ba. Gaskiya ne ba wanda ya kai ni kotu. Amma da sabon wurin suka nemi takardar shaidar aiki, sai da na yi wata huɗu ina safa da marwa, kullum a ce shugaba ba ya nan. Daga baya na gane matar shugaban da matar sabon maigidana 'yan ɗaki ɗaya ne a biki. Labarina ya riga ni isa. Yankinmu ƙarami ne, daga Kusuri har Gaundare duk wanda ka taka za ka tarar ɗan'uwan wani ne.

Tsohon Wakili:
Ƙanena Ɗan Yelwa, kafin a yi nisa, ɗauko takardar albashinka ka gaya mini katigorin da aka rubuta maka, wato matakin aikinka. Na yi shekaru ina wakiltar ma'aikata a wata masana'anta, irin wannan magana ta sha biyowa ta hannuna.

Ɗan Yelwa:
Katigori na 7 ne, Yaya. Albashi da alawus duka sefa 190,000.

Tsohon Wakili:
To, wata ukun nan ba maigidanka ne ya ƙirƙiro shi ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru, ta ranar 14 ga Agusta 1992, ita ta wajabta wa'adi ga duk wanda zai yanke kwantiragin da ba shi da ranar ƙarewa, ma'aikaci ne ko maigida. Tsawon wa'adin kuma wata takardar ministan ƙwadago ce ta 26 ga Mayu 1993 ta tsara shi. Katigori 1 zuwa 6, har da masu aikin gida: kwana 15 in ba ka cika shekara ba, wata ɗaya daga shekara ɗaya zuwa biyar, wata biyu in ka haura biyar. Katigori 7 zuwa 9: wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Katigori 10 zuwa 12: wata ɗaya, wata uku, wata huɗu. Kai na 7 ne, ka haura shekara biyar, don haka uku ne daidai.

Abin da na fi so ka riƙe yau shi ne, ba a fara ƙirga wa'adi sai ranar da ka miƙa takarda a rubuce. Kwana ukun nan da ka yi kana juye-juye a kan gado, ba su shiga lissafi ba. Duk ranar da ka ƙara kana jin nauyi, kai ka yi asararta.

Sannan maganar Direba. Sashe na 36 na dokar ya ce wanda ya karya wa'adi, zai biya ɗaya ɓangaren kuɗin da ma'aikacin zai samu a kwanakin da ba a cika ba, albashi da duk abin da ke biye da shi. In ka yi wata ɗaya ka bar biyu, sefa 380,000 ke nan a wuyanka in maigida ya nema. Haka shi ma in ya kore ka da safe ba tare da babban laifi ba, shi zai biya ka. Yawancin mutanenmu ba sa zuwa wurin sufeton ƙwadago ne kawai, shi ya sa Direba yake ganin kamar dokar gefe ɗaya take ci.

Direban Kusuri:
Yaya, na ji. Amma ni abin da idona ya gani na faɗa. Yaron motar da muka yi shekara bakwai tare, rana ɗaya aka sallame shi, ko kuɗin komawa gida ba a ba shi ba.

Tsohon Wakili:
An zalunce shi, kuma da ya je ofishin sufeto da an kira maigidan an zauna sulhu, ba a biyan ko dala a kan haka. In kana da lambarsa ka gaya masa. Amma zaluncin da aka yi wa wancan ba zai zama hujjar Ɗan Yelwa a kan mutumin da bai zalunce shi ba.

Akantan Domayo:
Ni ga wata dabara. Ɗan Yelwa, hutunka na shekara nawa ya taru? Kwana ɗaya da rabi ne kowane wata, 18 ke nan a shekara, ga ƙarin kwana biyu tunda ka cika shekara biyar. In ba ka ci na bana ba, ka zuba shi a ƙarshen wa'adin, ka ga ka rage kusan mako uku ba tare da ka roƙi kowa ba.

Tsohon Wakili:
Lissafin kwanakinka daidai ne, Akanta, amma dabarar ba ta tsaya ba. Sashe na 34 ya faɗa ƙarara cewa ba a cin wa'adi a cikin hutu. Hutun da bai ci ba kuɗinsa za a ba shi ranar tafiya. Abin da zai iya yi da shi, ya ajiye shi a kan tabarmar ciniki: in maigida ya nace sai an biya wata biyun nan, sai a zauna a ga nawa ne nasa, nawa ne na maigida. Akwai kuma kwana ɗaya a kowane mako da doka ta ba mai wa'adi don neman aiki, da cikakken albashi, ko ya ɗauke shi ɗungurungum ko awa-awa. Wasu iyayen gida sukan yarda a tara su a ƙarshe. Wannan kuma sai da yardarsa, kada ka je kana cewa dole.

Akantan Domayo:
Na gode da gyara. Ashe shekara da shekaru ina faɗa wa mutane ba daidai ba. Zan koma in gyara wa waɗanda na tuna.

Alhajin Kasuwa:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya gefen, don ni ma ina da yara a shago, kuma an taɓa yi mini abin da Direba ke cewa.

Ku da kuke ƙirga wata, mu ba wata muke ƙirgawa ba. Ranar da mai riƙe mini littafi ya tafi babu sallama, ba rashinsa ne ya kwantar da ni ba. Littafin bashi ne. Mutum talatin da wani abu suna cin kaya a wurina, wani yana biya ranar Juma'a, wani sai an sayar da auduga, wani ba ya biya sai an bi ta hannun yayansa. Duk wannan a kan yaron yake, ba a takarda ba. Na buɗe littafin na tarar da "Mal. B., 40" ban san ko buhu arba'in ba ne ko dubu arba'in, ban san ko wane Malam B. ba ne cikin uku. Abin da na rasa a watan nan ya fi albashinsa na rabin shekara. Har yau in na gan shi a masallaci mukan gaisa, amma zuciyata ba ta sake ba.

Ɗana, ga abin da zan gaya maka. Kada ka je wa maigidanka da "ina so a rage mini wa'adi". Wannan buƙatarka ce, shi ba ta dame shi ba. Ka je masa da amsar tambayar da za ta fara faɗo masa a rai: wa zai riƙe sito, wa ya san masu bashi, wa zai yi ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara. In ka zo da waɗannan a hannu, wallahi mako biyar ya ishe shi. In ka zo hannu rabbana, wata shida ma bai isa ba.

Kuma kada ya ji a bakin wani. Wannan ita ce ba a yafewa.

Maman Biyu:
Alhaji ya gama magana. Abin da ban yi ba ke nan.

Ɗan Yelwa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kamar ka leƙa shagonmu. Ni ma akwai wani littafi mai koren bango da ke aljihun teburina, magina da 'yan kwangila ne a ciki, kusan hamsin. Akwai yaro mai taimaka mini, shekararsa biyu tare da ni, yana da gaskiya, ya iya kwamfuta fiye da ni, amma bai taɓa rufe lissafin wata shi kaɗai ba. Ƙidayar kaya kuma makon ƙarshe na Disamba muke yinta kowace shekara.

Tambayata yanzu: in je ni kaɗai, ko in ɗauki kawuna? Shi ma sun san juna tun suna samari.

Gwaggon Lopere:
Ka ɗauki kawunka mana. Yaro ba ya tunkarar sa'an ubansa da irin wannan magana shi kaɗai. Haka muka tashi muka gani.

Alhajin Kasuwa:
Hajiya, a nan na saɓa miki kaɗan. In ya shigo da kawu tun farko, maigidan zai ga kamar an zo a ɗaure shi da kunya ne, ya ce to a gaban baƙo, ya riƙe abin a ciki. Gara ya je shi kaɗai, a lokacin da babu ciniki, ya faɗa da bakinsa. In magana ta cije, sannan kawu ya shigo a matsayin mai gyara. Ba a fara fito da babba, in ya fito aka ƙi, wa ya rage?

Gwaggon Lopere:
To ai shi ke nan, ku kuka san kasuwa. Amma dai ya gaya wa kawun tun yanzu, kada shi ma ya ji a waje. Kuma ya sanar da mahaifiyarsa ta sa masa albarka kafin ya buɗe baki.

Malamin Islamiyya:
Ina bin maganar tun safe. Ɗan'uwa, takardar da ka sa wa hannu alkawari ce, Allah kuma ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Saboda haka guduwa ba ta halatta gare ka ba, ko da babu kotun da za ta neme ka. Amma neman sassauci ba karya alkawari ba ne. Abin da mutum biyu suka ƙulla da yarda, suna iya kwance shi da yarda, malamai suna kiran wannan iƙala, kuma an yi wa wanda ya sassauta wa ɗan'uwansa albishir da cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Ka duba ma ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratul Ƙasas: da surukinsa ya ɗauke shi aiki, wa'adi biyu aka ajiye, shekara takwas ko goma, dattijon kuma ya ce ba ya nufin ya tsananta masa. Ka roƙa ba tare da jin kana aikata laifi ba. In ya ƙi, ka cika ko ka biya.

Baƙon Injamena:
Mu da ke wannan gefen gada mu yi hattara, alƙaluman da Yaya Wakili ya kawo na Kamaru ne. Chadi tana da tata dokar ƙwadago ta 1996, kowa ya duba tasa da kwantiraginsa. Abin da zan ƙara, Ɗan Yelwa, kana ta tunanin ciniki da tsohon maigida, ka manta sabon ma ana ciniki da shi. Da zan canza aiki, na kira sababbin na ce musu ina da wa'adi a kaina, ba zan bar mutane da lissafi a buɗe ba. Mako biyu suka ƙara mini nan take, shugabar ma'aikatan ma ta ce hakan ya ƙara kwantar mata da hankali. Mai ɗaukar ma'ajin kaya ya fi kowa son ya ji yadda ka rabu da na baya. Sannan kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai takardar ɗaukarka tana hannunka da sa hannu. Alkawarin waya ba ya ciyar da iyali.

Ɗan Yelwa:
Takardar tana hannuna tun ranar Litinin, alhamdu lillahi. Amma ban taɓa tunanin in nemi ƙarin kwana a wurinsu ba, tsoro nake kada su ce na cika sharaɗi.

Tsohon Wakili:
Ka tambaya da ladabi, ba za su fasa ɗaukarka don tambaya ba. Ga yadda zan so ka yi takardun. Ta farko ta ajiye aiki ce, gajera, da kwanan wata da dalili a layi ɗaya. Ka yi kwafi biyu, ya sa hannu a naka ya rubuta ranar da ya karɓa. Ta biyu ita ce ta yarjejeniya: ranar da za ka tafi, da cewa ya yafe sauran wa'adin ba tare da biyan komai ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai tsada. In babu ita, ko shi bai nema ba, wata rana ɗansa ko sabon akanta zai iya zare kuɗin daga haƙƙinka na ƙarshe, ka rasa abin nunawa. Ranar tafiya kuma ka karɓi takardar shaidar aiki, doka ta wajabta masa ba ka ita ko da wane dalili kuka rabu. Kuma ka sani tunda kai ka ajiye, babu kuɗin sallama irin na wanda aka kora, kada ka sa rai.

Saboda 'yan'uwa mata da ke nan: mai ciki da likita ya tabbatar, da mai shayarwa har wata 15 bayan haihuwa, suna iya ajiye aiki babu wa'adi kuma babu biyan komai. Da yawa ba su sani ba. Wanda kuma kwantiraginsa mai ranar ƙarewa ne, nasa daban ne, ba ya fita kafin lokaci sai da yarjejeniya a rubuce, ko babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin kowa.

Maman Biyu:
Yaya Wakili, lokacin da na bar makarantar nan 'yan biyuna watansu tara. Ashe da takarda ɗaya zan rubuta in fita ta ƙofa. Wannan ta taɓa ni.

Direban Kusuri:
Ni dai har yanzu ina ganin kuna wahalar da yaron. Amma tunda aminin babansa ne, na janye. Allah ya sa maigidan ya zama irin Alhajin nan namu.

Ɗan Yelwa:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari, ku yi haƙuri da shiruna na 'yan kwanakin nan.

Na gaya wa mahaifiyata da kawuna tukuna. Ranar Laraba bayan la'asar na same shi a bayan shago, inda yake shimfiɗa darduma ana kawo masa shayi. Na durƙusa na ce, Baba, magana gare ni. Na faɗa masa komai, har albashin da za su ba ni ban ɓoye ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon buhunan siminti bai ce uffan ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To littafin fa?" Sai na zaro shi daga aljihu. Dare biyu na yi ina kwafe shi a sabon littafi, kowane mutum da cikakken sunansa, unguwarsa, abin da ake binsa, da ranar da ya saba biya. Ya buɗe yana bi da yatsa, ya tsaya a kan wani suna ya ce ashe wannan bai gama biya ba.

Bai amince a ranar ba. Ya ce in ba shi kwana biyu, ya kuma ce abin ya yi masa zafi da ban gaya masa tun ina neman aikin ba. Na ba shi haƙuri, don gaskiyarsa ce. Ranar Juma'a ya kira ni. Ga abin da muka tsaya a kai: zan yi ƙidayar kaya tare da yaron, shi zai rufe lissafin Disamba ina zaune kusa da shi, in zaga da shi wurin manyan masu bashi su san fuskarsa. Mutanen Gaundare sun ƙara mini mako ɗaya kamar yadda Baƙon Injamena ya ce, don haka zan yi mako shida ke nan. Sannan zan dawo Asabar biyu a ƙarshen Janairu da ƙarshen Fabrairu in duba rufin wata, shi zai biya kuɗin mota. Sauran wa'adin ya ce ya yafe.

Inda aka kusa ɓatawa shi ne wurin sa hannu. Da na fito da takardar sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Ni da ubanka ba mu taɓa rubuta wa juna takarda ba." Jikina ya yi sanyi. Na ce masa sabon wurin sun nemi shaidar cewa na rabu da nan lafiya, wanda kuma gaskiya ne sun nema. Ya karɓa ya sa a aljihu bai sa hannu ba. Jiya da dare kawuna ya je suka yi hira, ban san me suka tattauna ba. Yau da safe na tarar da ita a kan teburina, da sa hannu da hatimi, an ɗora mata makullan sito a kai.

Gwaggon Lopere:
Alhamdu lillahi. Ka ga amfanin kawun. In za ka tafi ka kai iyalinka gidansa su yi sallama, kada ka tsaya a ta shago.

Tsohon Wakili:
Madalla. Duba mini abu ɗaya: jimlar "ba tare da biyan komai ba" tana ciki? Sannan kafin ka tafi ka leƙa ofishin CNPS na Garwa, wato hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ka tabbatar an zuba maka kuɗin shekara shidan nan duka. Lambarka ba ta canzawa, ita za ka kai wa sabon wurin.

Ɗan Yelwa:
Tana ciki, Yaya, layi na uku. CNPS kuma zan je ranar Talata in sha Allah. Yanzu saura gida: wanda ya san ɗaki biyu da falo na haya a Gaundare, wajen da ba shi da nisa da tasha kuma akwai ruwa, don Allah ya yi mini magana ta gefe.